Baƙon Mushe da Wasa Cikin Ajin Ingilishi

Cikin shekara ta 1962, shekara 2 bayan Nijar ta samu mulkin kanta, wasu matasa 7 ƴan ƙasar Amurka suka sauka Ƴamai. Aikin da ya kawo su shi ne koyar da Ingilishi ga ƴan makaranta. Su ne rukuni na farko na ƙungiyar masu aikin sa kai da ake kira Corps de la Paix, wadda shugaba Jon Kenedi ya kafa cikin watan Maris na 1961. Daga wannan lokaci har zuwa watan Janairu na 2011, sa'ad da ƙungiyar ta kwashe mutanenta bayan an sace wasu samarin Faransawa 2 cikin wani gidan abinci na Ƴamai, fiye da mutum 3.000 suka yi aiki cikin ƙasar, galibinsu shekara biyu-biyu. Akwai waɗanda suka yi aikin rijiyoyi, akwai na kiwon lafiya, akwai na dashen itatuwa. Amma waɗanda suka yi kwalej cikin waɗancan shekaru, abin da suka fi riƙewa shi ne anasaran da ke shigowa aji ya sa mutane su tashi tsaye, su taɓa hanci, su kama kunne, su zauna, duka cikin dariya, sa'an nan ya ce wai karatu ne aka yi.

Maganar ba ta tsufa ba. Kundin da aka ƙaddamar cikin watan Maris na 2025 ya aje Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya aje Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Kenan buƙatar malaman Ingilishi ba raguwa za ta yi ba, kuma wani kashi daga cikinsu baƙi ne da suka ƙetaro iyaka daga ƙasashen maƙwabta. Haka nan akwai ƴan Nijar da ke fita waje suna koyar da Faransanci ko Larabci ko Hausa ga yaran da ba su san al'adarsu ba. Wahalar da matasan Amurka suka sha wajen shirya wasa cikin aji, ita ce ke jiran kowane ɗaya daga cikin waɗannan.

Shirun da ya tarbe shi

A misalta saurayi ɗan shekara 22 ko 23, wanda ya gama jami'a bai taɓa riƙe alli ba. An yi masa horo na ƴan watanni, an koya masa gaisuwa da cinikin kasuwa cikin Hausa ko Zabarmanci, an raɗa masa suna na ƙasa, sa'an nan aka sa shi mota zuwa Tasawa, ko Madawa, ko Magarya. Cikin watan Oktoba ya shiga ajin farko na kwalej, wanda ake kira siziyem, inda yara ke fara jin Ingilishi. Ya tarad da yara kamar 60, uku-uku bisa benci, ƴan mata kaɗan sun taru gefe guda. Duka suka miƙe tsaye suka gaishe shi da murya ɗaya. Ya yi tambaya ta farko, sai shiru. Ya matso kusa da wani yaro, yaron ya sunkuyar da kai ya kafa wa ƙasa ido.

A ƙasarsu, yaron da ya ƙi duban malami cikin ido ana ɗauka ko raini ne ko rashin gaskiya. Nan kuwa shi ne ladabi. Wannan kuskuren fahimta ba ya daɗewa, abokan aiki suna warware masa shi tun makon farko. Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne tushen shirun. Yaran nan sun yi shekara 6 cikin lakkol ta firamare suna koyon Faransanci, kuma da yawa daga cikinsu sun san abin da ake kira sambol: wani guntun icce ko ƙashi da ake miƙa wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa, wanda abin ya kwana hannunsa shi ke shan hukunci. Yaron da ya taso haka ya riga ya koyi darasi guda kafin ya iso kwalej, wato buɗe baki cikin aji haɗari ne, shiru kuwa ba ya sa a doke ka. Ga shi kuma Ingilishin da aka kawo masa harshe ne na uku, ga wasu ma na huɗu.

Sai kuma lissafi, wanda ba ruwansa da al'adar kowa. Darasi awa guda ne. Kiran suna, da share tabulo, da rubuta kwanan wata, sun ci minti 10. Cikin minti 50 da suka rage, malami da kansa zai cinye rabi wajen bayani. Saura minti 25. In aka raba su ga yara 60, ana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro ya samu daƙiƙa 25 ta magana, in ma an yi adalci, alhali ba a yi, zaman yara 5 ko 6 masu ƙarfin hali su ke ɗaga hannu kullum. To, in aka haɗa su biyu-biyu, aka ba su wani abin da za su tambayi juna na tsawon minti 5, kowane yaro ya samu minti 2 da rabi, wato ninki 6 na abin da ya samu cikin dukan darasin farko. Wannan lissafi shi ne babbar hujjar wasa, ya fi hujjar nishaɗi ƙarfi nesa.

Masana sun yi rubutu bisa wannan al'amari tun zamanin da rukunan farko ke isowa. Cikin 1965 wani malami na Ingila mai suna W. R. Lee ya fitar da littafi guda sukutum na wasanni da gasa domin koyar da harshe. Cikin waɗannan shekaru kuma wani masanin halayyar ɗan Adam na jihar Kalifoniya, James Asher, ya gina hanyar koyarwa bisa abin da kowace uwa ta sani: jariri yana gane «zo», da «kawo», da «aje», yana aikata su da jikinsa watanni da yawa kafin ya furta kalma. Asher ya ce a bar ɗalibi ya fara amsawa da jiki, baki zai biyo baya. Ga yaron da sambol ya rufe wa baki, wannan babbar sauƙi ce, domin babu wanda zai yi masa dariya bisa lafazi in abin da aka ce ya yi shi ne ya tashi ya nuna taga.

Daren shiri

Wasan da ya yi kyau cikin aji, galibi an gama rabin aikinsa tun daren jiya, gaban fitila. Sabon malami yakan fara da kuskure guda: ya tuna wani wasa mai daɗi na ƙuruciyarsa, sa'an nan ya shiga neman darasin da zai rataya masa. Gogaggen malami daga ɗayan gefen yake farowa. Yana tambayar kansa wace jimla ce yake so yara su maimaita sau 20 gobe ba tare da sun gaji ba, daga nan ya nemi wasan da ba shi yiwuwa sai da wannan jimla. In darasin na tambayar «ina abu kaza yake» ne, sai a ɓoye alli, yaro guda ya fita waje, ya dawo yana tambaya, aji na amsa masa da «bisa», da «ƙarƙashi», da «bayan». In ana iya cin wasan ba a furta Ingilishi ba, to yara za su ci shi da Hausa, kuma ba su yi laifi ba.

Tambaya ta biyu da yake yi wa kansa ita ce: sa'ad da yaro guda ke magana, sauran 59 me suke yi? Amsar wannan tambaya ita ke raba wasa da hargitsi. Dole ne kowa ya zama yana da abin da yake saurare domin shi, ko yana rubutawa bisa allonsa, ko yana jiran a kira lambarsa. Dabarar lamba tana da amfani ƙwarai. A raba aji bisa layukan benci yadda suke, ba sai an ja kujera ba, kowane layi ya zama ƙungiya, a ba kowane yaro lamba cikin layinsa. Malami ya yi tambaya tukuna, ya dakata kaɗan, sa'an nan ya kira lamba. Da haka ba wanda ya san ko shi za a kira, kowa sai ya shirya amsa, kuma yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba za ta yi magana, zaman lambarta aka kira, ba ita ta tsoma baki gaban maza ba. Wannan bambanci ƙarami ne ga idon baƙo, amma ga yarinyar shi ne kome.

Kayan aiki ba su da wuya, in dai malami ya daina tunanin na ƙasarsu. Kwalin sukari ana yanka shi ya zama katin kalmomi. Murfin kwalbar lemu, da tsakuwa, da ƙwallon goruba, duka suna ƙirga maki. Wasan da ake kira na Kim, wanda asalinsa wani littafi ne na Rudyard Kipling na 1901, ƴan sikawut kuma suka yaɗa shi cikin duniya, ba ya buƙatar kome sai faifai da ƙyalle: a jera abubuwa 10 ko 12, cokali, makulli, ashana, zobe, allura, a bar yara su duba minti guda, a rufe, kowa ya rubuta sunayen waɗanda ya tuna. Yaron da ya haddace izu a makarantar allo ba ya jin tsoron irin wannan gasa, sau da yawa ma ya fi malamin.

Bayanin dokar wasa shi ne wurin da sabbin malamai suka fi faɗuwa. In ya yi bayanin da Ingilishi, ba a gane ba. In ya yi da Faransanci, ga minti 5 sun tafi, kuma Faransancin wasu daga cikinsu ya sa yara murmushi ƙasa-ƙasa. Mafita ita ce a nuna. A kira yara 2 masu saurin ganewa, a yi zagaye guda gaban aji, a yi na biyu, sauran sun gane. Gani ya kori ji. Haka kuma tun kafin a fara, a yi yarjejeniya bisa alamar tsayawa, ko tafi 3, ko ɗaga hannu, domin wanda ya bari sai surutu ya tashi sa'an nan ya nemi hanyar kashe shi, muryarsa ba za ta kai ƙarshen wata ba. Kuma a tsaida wasa tun yana da daɗi. Minti 10 sun isa.

Abin da ya ƙi tsira a ƙasar baƙunci

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wasu wasanni da ba su da aibi ko kaɗan a Amurka, da suka iso nan sai suka zama abin kunya, kuma yara ba za su faɗa wa mushe dalili ba, sai dai ya ga fuskoki sun canza.

Na farko ba wasa ba ne ma, hannu ne. Malami na koyar da ƙirga, ya kai biyar, ya buɗe tafin hannunsa da yatsu a warwatse ya nuna wa aji. Shi biyar yake nufi, su kuwa daƙuwa suka gani, wato ya zagi uwar mutum 60 lokaci guda. Wanda aka gargaɗa yakan juyo bayan hannu, ko ya dunƙule yatsun wuri ɗaya. Haka batun hagu: wasan da ake miƙa abu daga hannu zuwa hannu da sauri, in malami bahago ne ko bai kula ba, ya miƙa wa yaro abu da hagu, ya yi abin da ba a yi.

Na biyu shi ne darasin iyali, wanda ke cikin kowane littafin koyon harshe. Wasan da aka saba shi ne yara su tambayi juna: mene ne sunan uwarka, ku nawa ne gidanku, shanu nawa ubanka ke da su. Ga baƙo, tambayoyi ne masu sauƙi. Amma sunan mahaifiya ba abin da yaro ke jefawa tsakiyar aji ba ne, domin ya san da an fita hutu wani zai mai da shi abin tsokana. Ƙirga ƴaƴa ko dabbobi a bainar jama'a, gidaje da yawa ba su son shi, saboda tsoron baki. Ga kuma maraya, ga wanda aka saki uwarsa, ga wanda ke zaune gidan mai masauki nesa da garinsu. Dabarar da ta warware wannan ita ce a zana wani iyali na ƙage bisa tabulo, mai gida da matansa 2 da ƴaƴansu, a raɗa masu suna, a yi ta tambaya bisa kansu har ƙarshen shekara. Nan ne ma yara ke gano, da mamaki, cewa Ingilishi ba shi da kalma guda ta wa, ko ƙane, ko ya, ko ƙanwa, sai an ƙara «babba» ko «ƙarami». Su ma sun samu abin da za su tausaya wa harshen anasara a kai.

Akwai wasan cika haruffan kalma wanda, duk sa'ad da aka yi kuskure, ake ƙara zana wani sashe na mutumin da aka rataye. A can ba mai kula da zanen. A nan, direkta ya leƙo ya ga gawa rataye bisa tabulo, sai an yi dogon bayani. Dokar wasan tana da kyau, zanen ne kawai ke son canji: a zana rumbu ana cire masa ƙafa ɗaya-ɗaya, ko guga yana sauka cikin rijiya. Wasan da ke sa namiji ya kama hannun mace, ko a rufe wa yarinya ido a sa ta laluben wanda ke gabanta, shi ba gyara gare shi, a bar shi kawai. Karta da ƴaƴan ludo kuwa, ko da kalmomi ne aka rubuta bisansu, labari zai isa gida cewa mushe na koya wa yara caca, kuma uban da dama da ƙyar ya yarda ya sa ɗiyarsa lakkol ya samu hujjar da yake nema.

Wani aibin kuma babu ruwansa da al'ada, cikin ginin wasan yake. A ɗauki wanda Faransawa ke kira «Jacques a dit», Ingilishi kuma «Simon says». Jagora na ba da umurni, a taɓa kai, a ɗaga ƙafa, amma ba a bi sai in ya fara da cewa wane ya ce. Wasa ne mai kyau, shi ne ma hanyar Asher cikin rigar wasa. Amma bisa dokarsa ta asali, wanda ya yi kuskure fita yake yi ya zauna. Wa ke fara kuskure? Yaron da ya fi kowa rauni. Kenan bayan minti 2, waɗanda suka fi buƙatar darasin suna zaune suna kallo, gwanaye 5 na ta maimaita abin da suka riga suka iya. Gyaran shi ne kada a fidda kowa, wanda ya yi kuskure layinsu ya rasa maki guda, a ci gaba. Kyauta ma haka. Baƙon da ya fara rabon alawa ya sayi rigima, ya kuma ɗora wa malamin ɗan ƙasa da zai gaje shi nauyin da albashinsa ba zai ɗauka ba. Zanen alli guda bisa tabulo, gaban sunan layi, yana sa yara ihu daidai da alawa.

Abin da ya tarar a gida

Malamin da ya yi wata 3 ko 4, ya fara zama dandali da marece yana kallon yara, shi ne ke gano cewa bai kamata ya wahalar da kansa ɗauko wasa daga ƙetare ba. Garin cike yake da wasannin harshe, kuma yara sun riga sun san dokokinsu, wato an huta da bayani.

Kacici-kacici shi ne na kusa. Da Ingilishin wata 3 yaro na iya cewa: yana da ƙafa 4, ba ya tafiya, yana cikin aji, mene ne? Kuma al'adar nan ta cewa wanda ya kasa amsa ya ba da gari, tana shiga aji daidai: layin da ya kasa sai ya ba mai tambaya gari cikin Ingilishi, ya nuna shi bisa taswira, mai tambaya ya karɓa ko ya ƙi. Za a samu yaron da zai tuna wa mushe cewa ba a tatsuniya da rana. Wannan ma abin magana ne, in dai da Ingilishi zai faɗe shi.

Wasan kasuwa ya fi kowane tona asirin baƙo. An jera hatsi da gishiri da sabulu bisa tebur, yaro guda mai saye, guda mai saidawa. Mai saye ya tambayi kuɗi, mai saidawa ya ce ashirin, aka miƙa masa takarda mai lamba 20, ya ƙi karɓa. Malami ya rasa gane gardamar. Abin da ya faru shi ne yaron da dala yake ƙirga, kamar kowa cikin kasuwa, dala kuwa tamma 5 ce, saboda haka ashirin ɗinsa 100 ce ta takarda, jikka guda kuma dala 200. Malamin da ya gane wannan ya samu wasa mafi kyau da zai iya samu: a faɗi farashi da Hausa, layin da ya fara juya shi zuwa Ingilishi daidai ya ci. Dala 6, 30. Dala 10, 50. Nan kuma wata matsala ta kunne ke fitowa fili, domin «thirteen» da «thirty», wato 13 da 30, kusan ɗaya suke ga wanda bai saba ba, kuma ba abin da ke gyara kunne kamar a ce kuɗi ne za a yi hasara, ko da na kwali ne.

Sanin harsunan yaran yana gaya wa malami wasan da zai shirya. Hausa ba ta raba sautin «p» da «f», don haka Bahaushe ke jin «pan» da «fan» kamar kalma ɗaya. Sai a rubuta su gefe biyu na tabulo, malami ya furta guda, kowa ya ɗaga yatsa 1 ko 2, cikin minti 3 ya ga waɗanda kunnensu bai kama ba, ba tare da an kunyata kowa ba. Zabarmanci da Barbarci da Fulatanci ba su raba «shi» da «ita», saboda haka masu waɗannan harsuna ke musanya «he» da «she». Bahaushe bai da wannan damuwa, tasa daban ce: tun da kome na Hausa namiji ne ko mace, sai ya kira tebur «he», ya kira mota «she». Aji guda na Ƴamai ko na Damagaram na iya haɗa duka waɗannan, kuma wasa guda ba zai yi wa kowa magani ba.

Game da kwaikwayo, ƙasar da ke da wasan kara ba ta buƙatar a koya mata. Bayan girbi, samari na ƙasar Damagaram da kewaye sukan yi shigar sarki, da alƙali, da likita, da soja, da kayan aikin da suka ƙera da kara, su kwaikwayi manya gaban manyan. Yaron da ba ya iya haɗa jimla guda da sunan kansa, in aka aza masa tabarau na kara aka ce shi ne likita, ga marar lafiya gabansa, sai a ji baki ya buɗe. Kuskuren da zai yi na likita ne, ba nasa ba.

Maƙwabta da manya

Saura mutanen da ke bayan bango. Aji 60 na dariya, aji na kusa kuma ana lissafi, wani wuri ma zana ce kaɗai tsakani. Malamin lissafi yana da gaskiya in ya yi fushi. Direkta kuma yana da tasa damuwa: bayan shekara 4 yaran nan za su zauna jarrabawar BEPC, sakamakonta ne ake duba makaranta da shi, kuma ga wanda ya taso cikin tsarin da, aji mai shiru shi ne aji mai karatu. Baƙon da ya ɗauki wannan a matsayin duhun kai ya yi kuskure, kuma ba zai daɗe yana wasansa ba. Wanda ya yi dabara yakan rubuta wasan cikin takardar shirin darasi kamar kowane sashe, da manufarsa, da mintocinsa, da shafin littafin da ya dogara a kai, yadda in ansifekta ya zo zai ga abin cikin tsari yake. Yakan gayyaci direkta ya zauna baya rana guda. Yakan kuma rufe kowane wasa da rubutu: jimla 3 ko 4 da aka yi ta maimaitawa, a kwafe su cikin kaye, domin uban da ya buɗe kayen ɗansa da dare ya ga abin da aka yi ranar nan.

Lokaci ma sai an duba shi. Cikin sanyin Disamba da Janairu, wasan tashi da zama da safe yana ɗumama jiki. Cikin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 ƙarƙashin rufin kwano, ko cikin azumi, sa yara tsalle zalunci ne. Nan sai wasannin zaune: raɗa da ke bin layi daga bencin baya zuwa na gaba a ji yadda jimla ta lalace a hanya, ko neman ƙananan kalmomi cikin babbar kalma, ko faifan Kim.

Kaɗan daga cikin dabarun nan sun samu shiga littattafai, musamman bayan da aka fara rubuta littattafan Ingilishi domin yaran Sahel, da sunayensu da kasuwanninsu, ƙarƙashin kulawar cibiyar INDRAP da aka kafa cikin 1974. Mafi yawa kuwa ba a buga su ko'ina ba. Malami ne ke aje kaye guda, bayan kowane darasi ya rubuta layi 2 ko 3: wasa kaza, aji kaza, ya ci minti 15 maimakon 10, layin taga bai ji umurni ba, gobe a fara daga baya. In shekarunsa 2 sun cika, cikin watan Yuni, sai ya bar kayen tare da kwalin katunan ga wanda zai karɓi ajin cikin Oktoba.